Shayin Talaka, Ba Suga Ba Madara

Na fi shekara 20 ina shan shayi kafin in san ɗanɗanonsa. Tun ina yaro a Gwandu, in an ce shayi to abin da na sani shi ne kofi cike da madarar gwangwani da suga cokali uku, sai a tsoma ƙullin Lipton don ruwan ya yi launi. Da aikin koyarwa ya kai ni Kalgo ma ban canza ba. Kullum bayan sallar isha'i ina bencin wani dattijo mai shayi a bakin titi, a nan nake tsintar rabin maganganun da nake sa wa mutanen cikin labaraina.

Kwatsam sai likita a Birnin Kebbi ya ce suga ya yi mini yawa a jini, in ina son ganin girman 'ya'yana to in rabu da zaƙi. Wallahi bencin nan na fara tunawa, domin ba a zaman teburin mai shayi hannu rabbana.

Daren farko na ce, "Baba, a ba ni baƙi, ba suga ba madara." Na kurɓa na yamutsa fuska, ɗaci kamar maɗaci. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Malam, wanga ba naka ba ne, na masu madara ne, ya daɗe bisa wuta. Dakata." Ya ɗebo sabon ruwa ya tafasa, ya zuba a kan ƙulli guda, ya rufe da faranti kamar minti uku, ya cire bai matse ba. Ya ce in shaƙa tukuna, in na kurɓa kuma kada in yi saurin haɗiyewa.

To jama'a, ashe akwai abin ji! Ƙamshin ya yi kama da na harawa sabuwar ɗauri. A baki sai wani bauri ya kama gefen harshe, irin na farin goro. Bayan na haɗiye, can sai ɗan zaƙi ya biyo baya, kamar yadda ruwa kan yi wa wanda ya gama cin goro. Duk wannan a ganyen da almajiri ma yake iya saye.

Abin ya sa na bi tarihinsa. Thomas Lipton ɗan kasuwa ne na birnin Glasgow a Sikotland, ya buɗe kantinsa na farko a 1871, a 1890 kuma ya sayi gonakin shayi a Silon, wadda ake kira Siri Lanka yanzu, don ya sayar wa talaka da araha. Asirin irin wannan shayi shi ne gauraye. Akwai masu aikin ɗanɗano da ke haɗa ganyen wurare daban-daban, wani don launi, wani don ƙarfi, wani don ƙamshi, yadda kofin bana zai zo daidai da na bara. 'Yan Sikotland sun yi suna da irin wannan haɗi a wiski ma, abin da addini ya raba mu da shi. Mu rabonmu a wannan gwaninta yana cikin butar Baba. Daga baya na gwada Highland, wanda ake nomawa a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, na kuwa ji bambanci, abin da da can madara ba za ta bar ni in ji ba.

Da na je gida Gwandu na haɗa wa mahaifiyata irinsa. Ta kurɓa sau ɗaya ta ture kofin ta ce, "Allah Ya ba ka lafiya, ɗan nan." Ban yi musu ba, ni ma sai da dole ta sa na koya.

Amma da na koma kan rubutuna sai na ga ciwon nan a can. Kowace yarinya sai na ce ta fi wata haske, kowane gida sai na yi masa bene, suga cokali uku a kowane shafi. Na ɗauko wani labari na tsame duk wannan, ya rage shafi huɗu daga tara. Na karanta wa 'yan benci, har na kai ƙarshe ba wanda ya tashi, Baba ma ya bar ruwansa ya ƙone.

'Yan'uwa marubuta, ku gwada kofi ɗaya haka nan. Allah Ya ba mu lafiya, amin.