Yini Guda a Kwazazzaban Riruwai

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in gaya wa 'yan'uwana masu karatu abin da na gani da idona.

Ni akawu ne, ina zaune a Kumbotso, amma gonar mahaifina ta shinkafa tana ƙasar Kura, da ruwan Tiga a ke nomanta. A makarantar Mishan an koya mini labarin kogin Nilu da na Kwara, amma har na ba shekara talatin baya ban taɓa tambayar inda ruwan da ya ciyar da ni ya ke fitowa ba. Saboda haka da kakar 2023 na ɗauki hutu, na bi hanyar Tudun Wada, na ratsa Dajin Falgore, na sauka Riruwai, garin kuza, a ƙasar Doguwa. Rafukan duwatsun wannan yanki suna cikin masu haɗuwa su zama Kogin Kano.

Mai masaukina ya haɗa ni da wani tsohon maharbi, gama baƙo ba ya shiga dajin nan shi kaɗai. Bayan sallar asuba muka fita ta gabas, muka gangara wani kwazazzabo mai zurfi. Dutse dama, dutse hagun, maɗaci da kanya da gora sun haɗa kai a bisa, har rana ba ta taɓa ƙasa. Ruwan kuwa garau, ana ganin tsakuwar ƙarƙashinsa. Muka bi shi har azahar, muka yi salla a kan wani falalen dutse, muka sha fura, sa'an nan muka hau tudu don mu kewayo gari ta yamma.

To, nan farin cikina ya ƙare. Kwazazzabo na biyu ba kome sai kututture da ramukan gawayi, gaɓa ta zaizaye, ruwa ya yi ja wur. Na ce, "Baba, ina ƙasar nan ta ke tafiya?" Ya ce, "Ɗana, ai wurinku ta ke zuwa." Muka shiga gari da magariba, ƙafafuna sun kumbura, amma maganar nan ta fi damuna.

Gaskiya tsoho ya faɗa. An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daga can ruwa ke bin babbar hanyarsa da kansa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Saiwar itace ita ke riƙe ƙasa. In an sare, ruwan sama ya kwashe ta, ta kwanta cikin tafkin, wurin ajiyar ruwa ya yi ta raguwa. Ni kaina da gawayi a ke girki a gidana, ashe da hannuna na ke cike rijiyar ubana.

Ina roƙon malaman makaranta su riƙa koya wa yara mafarin koginsu. Hukuma da sarakuna kuma su tsare itatuwan bakin rafi, su sama wa masu gawayi wata sana'a, gama yunwa ce ta ba su gatari. Mu manoman rani, kowa ya dasa ko da itace ɗaya. Allah ya sa mu gane, amin.

Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kumbotso.