Fuskokin da Ke Bayan Molly Picon

An haifi Molly Picon a birnin Niyu Yok a 1898, ta kuma yi suna a wasan kwaikwayo na harshen Yidish, harshen Yahudawan Gabashin Turai. A 1936 ta tafi Foland ta fito a fim ɗin Yidl mitn Fidl, a matsayin yarinya mai goge wadda ta ɓad da kama cikin kayan samari domin ta bi mahaifinta yawon kiɗa. An ɗauki wani ɓangarensa a Kazimierz Dolny, mutanen garin kuma su ne suka cika kasuwa da tituna a cikinsa.

Duk sa'ad da na kalli fim ɗin, idona kan bar ta ya sauka kan waɗannan mutane. Bayan shekara 3 Jamus ta mamaye ƙasar, 'yan Nazi suka hallaka akasarin Yahudawanta.

A 1946 Picon da mijinta Jacob Kalich suka zagaya sansanonin waɗanda suka tsira, suna yi musu wasa da harshensu. Wannan tafiya ce ta sa nake ganin girmanta. Tana da suna da abin yi a Amurka, amma ta bi ragowar 'yan kallonta har inda yaƙi ya watsar da su. Ta rasu a 1992.