Soso a Kan Sirdi

Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, sai na jingine babur a zaure, na kakkaɓe tsohon keken Raleigh da mahaifina ya bari. Duk Talata, in hanya ta yi lafiya, nakan taka shi daga Kaya zuwa kasuwar Mafara. Ƙafafu ba su yi gardama ba. Wurin da ya ji jiki wuri ne da ba a faɗarsa a majalisa. A mako na uku, zaman tahiya ma a karkace nake yinsa.

Na yi dabarar da kowa zai yi. Na yanko soson tsohuwar katifa mai kaurin burodi, na ɗaure a kan sirdi da roba. Daga ƙofar gida zuwa bakin gari kamar ina kan karaga. Kafin in hango gonakin shinkafar Bakolori, soson ya sha zufa ya dunƙule gefe guda, yana gugar cinyata duk takun da na yi. Na dawo da fata a saɓule, bayan kwana uku maruru ya fito.

Kawuna, wanda ya yi shekaru yana hawan Sallah a Maradun, ya hango ni ina tafe a tattale.

"Kai ɗan nan, kaciya aka sake maka?"

"Keke ne, Kawu."

Da ya ga soson, dariya ya yi har da tari. Ya ja ni ɗaki ya sauko da sirdinsa, katako da fata, tauri kamar turmi, ya kifa shi ya nuna mini huhun da ke ƙasa. "Laushin nan na doki ne, don kada bayansa ya yi miki. Jalala kuma ado ce. Mahayi ba tauri ke cinsa ba, guga ce." Ya ce in likkafa ta yi tsawo, mutum zai yi ta zamewa hagu da dama har ya ci kansa. A nan na tuna mahaifina ya fi ni tsawo, kuma ban taɓa sauke sirdin keken ba. Mai faci ya sauke shi kamar yatsu biyu, rabin azabar ta tafi.

Sauran rabin a wajen mai gwanjo na samu maganinsa. Cikin dila na ciro wani baƙin gajeren wando mai kama jiki, an ɗinke masa soso a tsakiya. Mai kayan ya ɗauka na masu yoyon fitsari ne, ya bar mini shi a banza-banza. Ni kuwa na taɓa ganin irinsa a talabijin, jikin 'yan tseren Tour de France, gasar da ake yi a Faransa tun 1903, inda ake kwashe mako uku a kan sirdi. A da fata mai laushi suke ɗinkawa a ciki suna shafa mata mai, daga baya aka koma soso. Soson nan bai kai kaurin yatsa ba, amma a manne yake da jiki, yana tafiya tare da kai, sai gugar ta koma tsakanin yadi da sirdi. A kan fata ake sa shi, don ɗinkin wani wandon a ƙarƙashi shi ne zai zama wuƙar. Ina ɗora wandona na kullum a kai, ba wanda ya sani. Ina shafa ɗan man kaɗanya kafin in fita, in na dawo a wanke shi ranar, a shanya a bayan ɗaki, nesa da idon yara.

Da na kai wa Kawu, ya jujjuya shi, ya matsa soson da babban yatsa, ya ce lifidi ne aka yi wa wurin zama. Da zan fita sai ya rage murya: in na sake shiga Mafara, in duba masa mai ɗan faɗi kafin Babbar Sallah.