Mai Ɓuya da Mai Neman a Gan Shi

A gaɓar Tekun Atlantika, daidai inda jihohin Jojiya da Fulorida na Amurka suka yi iyaka, akwai wasu manya guda biyu da suke ratsa ruwa ɗaya. Na farko shi ne jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku, wanda mazauninsa yake sansanin sojan ruwa na Kings Bay. Tsawonsa ya kai mita 170, kuma yana ɗauke da makamai masu linzami na nukiliya. Na biyu kuwa wata ƙatuwar dabba ce da ake kira wel. Siffarta ta kifi ce, amma iska take shaƙa, tana kuma shayar da ɗanta nono.

Irin wel ɗin da yake zuwa nan ya daɗe yana shan wuya a hannun ɗan Adam. Da yake ba shi da sauri, kuma kusa da gaɓa yake kiwo, maharba sun yi ta kashe shi saboda kitsensa, har sai da aka haramta farautarsa a 1935. A yau waɗanda suka rage ba su kai 400 ba, matan da suke haihuwa kuwa kimanin 70 ne. Daga Disamba zuwa Maris matan kan gangaro kudu su haihu a wannan ruwa, a bakin hanyar jirage.

Shi jirgin yaƙi, ɓuya ita ce garkuwarsa. In an gano inda yake, amfaninsa ya ragu. Ita kuwa wel, rashin ganinta shi ne ajalinta. Baƙa ce, bayanta sumul ba ƙaya, ga shi takan kwanta dab da saman ruwa tare da jaririnta. Matuƙi ba ya ankara sai ya banke ta. Karo da jirage da sarƙewa cikin igiyoyin masunta su ne suka fi hallaka ta.

Saboda haka masu bincike kan shiga ƙananan jiragen sama suna shawagi suna duba ruwa. Alamar da suke nema ita ce feshin numfashinta, wanda yake tashi reshe biyu. Da zarar sun hango ta, sai a sanar da jiragen da ke yankin, har da na soja. Kowace wel tana da wasu fararen tabo masu kaushi a kanta, waɗanda suka bambanta ta da sauran, don haka ɗaya bayan ɗaya ake sanin su ta hoto. Tun 2008 doka ta tilasta wa yawancin jiragen da suka kai ƙafa 65 rage gudu a wannan yanki lokacin haihuwa.

Abin lura a nan shi ne, dukiya mai yawa aka kashe don kada a ga jirgin yaƙi. Ita kuwa dabbar, rayuwar jinsinta ta rataya a kan idon mutum mai haƙuri da ke leƙowa ta tagar jirgin sama. Idan uwa ɗaya ta kuɓuce wa wannan ido, jirgi ya same ta, to an yi asararta tare da duk 'ya'yan da za ta haifa nan gaba.