Matambayi ba ya ɓata, ko a gaban kwano

Mai karatu, idan tafiya ta kai ka Paris, kada kunya ta hana ka tambayar abin da aka zuba maka. Ina da hawan jini, amma a wani gidan abincin 'yan Biyetnam na shanye romon pho tas, har na ƙara ruwan kifin da suke tsimawa da gishiri. Washegari na tashi ƙafafuna a kumbure, kaina yana sarawa.

Da na shiga gidan abincin Faransawa kuwa, sai na yi tambaya tukuna. Ashe da giya aka dafa kazar. Suka gasa mini kifi, gishiri kaɗan. Tambaya ba ƙauyanci ba ce; lafiyarka ta fi kunyar minti ɗaya.