Ido a Cikin Gwiwa: Ziyara Asibitin Ƙashi na Dala

Tun da sanyin safiya farfajiyar Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959, take cika da masu dogara sanda da masu ɗaurin filasta. Can ciki kuwa, a ɗakin tiyata, babu hayaniya sai ƙarar na'urar da ke bin bugun zuciya.

Yaron da ke kan gadon ɗan makarantar firamare ne. Ya daɗe gwiwarsa tana ƙara idan ya miƙe ta, wani lokaci ta sarƙe yana tsakiyar ƙwallo. A gida an ɗauka targaɗe ne, an sha shafa magani. Hoton ƙashi bai nuna komai ba, domin ba ya kama guringuntsi.

Da aka yi masa allurar barci, likita ya yi ƙananan huji biyu a ƙasan ƙoƙon gwiwa, kowanne bai kai santimita 1 ba. Ya zura siririn bututu mai kaurin milimita 4, ɗauke da kyamara da fitila, aka cika gaɓar da ruwan gishiri don ta buɗe. Nan take cikin gwiwar ya bayyana a allo, guringuntsi fari fat, jijiyoyin da suka gitta juna suna sheƙi. Da 'yar ƙugiyar ƙarfe ya riƙa taɓa kowane sashe yana gwada ƙwarinsa.

A gefen waje na gaɓar aka ga matsalar. Matashin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu, wanda ya kamata ya yi siffar jinjirin wata, ya fito a shimfiɗe kamar faifai, kuma da haka aka haifi yaron. Likitan Japan Masaki Watanabe, wanda ya inganta wannan na'urar leƙa cikin gaɓa a ƙarshen shekarun 1950, shi ya rarraba ire-iren wannan halitta. A zama ɗaya aka rage wa yaron guringuntsin da ya yi yawa, aka bar gefen don ya ci gaba da kare gaɓar.

Gwiwar yaro tana buƙatar lallami, saboda a bakin ƙasusuwanta ne tsawonsa ke ƙaruwa. Shi ya sa ake fara dubawa da hannu da hoton MRI, sai in sun bar shakka ko ana son gyara a shiga da kyamara. Iyaye, idan gwiwar ɗanku ta kumbura, ko tana sarƙewa, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon, ku kai shi wurin likitan ƙashi da wuri, tun guringuntsin bai goge ba.