Kuɗin Gwamnati a Zangon Kwatano

A Zangon Kwatano, duk abin da ya fito daga hannun hukuma sunansa ɗaya: kuɗin gwamnati. Ɗalibin harshe kuwa dole ya rarrabe, domin fansho daban, tallafi daban, rance daban.

Fansho na mai aikin albashi ne. Ma'aikacin kamfani daga asusun CNSS yake karɓar nasa. Mutanen Zango akasarinsu mahauta ne da 'yan canji da masu sayar da abinci, babu sunansu a wannan rajista. Abin da ya fi isa gare su shi ne rancen Alafia, wanda gwamnatin Patrice Talon ta ƙaddamar a 2020. Kafin shi akwai ƙaramin rancen da Boni Yayi ya soma a 2007, na sefa 30,000. Yanzu ba a bin layi a bakin taga. Idan takardu suka cika, kuɗin ta waya suke shigowa.

A nan wata dattijuwa mai koko ta makale. Layin wayarta da sunan ɗanta aka yi masa rajista, shi kuma yana Maraɗi. Jikarta ta ce, "Kaka, sai kin yanki layi da sunanki." Ta yanka, kuɗi suka shigo. Amma sunan shirin ya ruɗe ta, don Alafia da lafiya tushensu ɗaya a Larabci, kuma ba ta taɓa jin an biya lafiya ba. Ta ɗauka tallafi ne, har ta taɓa rabi ta sayi magani, kafin a tuna mata ranar biya.